Abin da Aka Tsayar a Tattaunawar Masu Ƙididdiga kan Kiyasi

An fi daɗewa kan tambaya ɗaya: idan ana auna nauyin rukunin yara guda a kowane wata, shin kowane awo shaida ce mai zaman kanta? A'a. Awon yaro na yau yana da alaƙa da na watan jiya, kuma wanda ya yi biris da wannan zai samu tazarar kuskure (wato iyakar yadda kiyasi zai iya kauce wa gaskiya) ƙarama fiye da yadda take, ya ɗauka ya gano abin da bai gano ba.

Shawarar da ta fi samun karɓuwa ita ce a bi hanyar nazarin awon da ake maimaitawa da masana ƙididdiga Liang da Zeger suka fitar a 1986, mai tushe a aikin Godambe na 1960. Ko an yi kuskuren zaton yadda awon ke da alaƙa, kiyasin matsakaici yana kusantar gaskiya, lissafin kuskuren kuma ana gyara shi da tsarin da ake kira "sanwici", wanda ke auna kuskuren daga bayanan kansu maimakon dogara ga zaton.

Sai dai wani malami ya ja kunne, kuma ina ganin yana da gaskiya: idan yaran ba su da yawa, sanwicin kansa yana nuna kuskuren ƙarami fiye da yadda yake. Hanyar Fisher ta 1922 kuwa, wadda ke zaɓar kiyasin da ya fi sa bayanan da aka samu su zama masu yiwuwa, ta fi dacewa idan ka amince da tsarin lissafin da ka zaɓa don bayyana bayanan.