Bindigar da kakanmu ya bari: wace iri ce?

Assalamu alaikum. Jama'a, a taimaka mini, musamman tsofaffin sojoji.

Muna gyaran gidan gado a Tudun Wada, nan Kaduna, sai muka ci karo da tsohuwar bindiga naɗe cikin buhu a saman rufin ɗakin marigayi kakanmu, Allah ya jiƙansa. Soja ne, ya je yaƙin Bama, wato ƙasar Burma, a Yaƙin Duniya na Biyu. Kawu ya rantse Lee-Enfield No. 4 ce, wadda ake kira "mak fo", amma ni zuciyata ba ta kwanta ba.

Ga dalilina. A hotunan No. 4 da na duba, abin saiti yana can baya kusa da ido, bakin kuma ya ɗan leƙo waje. Tamu katako ya rufe ta har baki, hancin a dakushe, abin saitin a tsakiyar bututu. Wannan ai siffar wata ƙirar Lee-Enfield ce, No. 1 Mk III. A zoben ƙarfen da ke sama da kunama, ɓangaren dama, akwai hoton kambi, da G.R.I., da 1942. Sauran rubutun tsatsa ta cinye, ban kuma yarda na kankare ba.

Shin wannan "I" ɗin na nufin ƙirar Indiya ce, ta masana'antar bindigogi da ke Ishapore, ba Ingila ba? Ina kuma zan duba lambarta?

Ba ajiye ta za mu yi ba, hukuma za mu miƙa wa. Tarihinta kawai nake so na rubuta wa yara kafin ta bar hannunmu. Na gode.