Abin da suka faɗa game da zuwa Rishikesh

Da aka zauna da waɗanda suka taɓa zuwa Rishikesh, garin nan na jihar Uttarakhand a arewacin Indiya inda kogin Ganga ke saukowa daga tsaunukan Himalaya, maganar da ta fi ɗaukar lokaci ita ce yaushe ya kamata a je. Kusan bakinsu ya zo ɗaya: daga Oktoba zuwa Afrilu. Da damina ruwa yakan yi ƙarfi, a dakatar da tuƙin kwale-kwalen roba a Yuli da Agusta, ga kuma cunkoson masu ibada da ke ɗebo ruwan kogin a garin Haridwar da ke kusa.

Mai son kwale-kwalen, suka ce ya fara da zangon kogin da ke farawa daga Shivpuri, mai kimanin kilomita 16, kuma kada ya shiga sai ya ga rigar hana nutsewa da hular kwano. Ruwan sanyi ne ƙarara. A nan suka fi jaddadawa, domin kogin ba ya wasa.

Ba a sayar da nama ko giya a garin, sai wake da shinkafa da gurasar chapati. Makarantun yoga, wato salon motsa jiki da natsuwa na Indiya, sun yi yawa, don haka a gwada darasi ɗaya kafin a biya kuɗin wata.

Da magariba ana kunna fitilu a Triveni Ghat, wata matakala a bakin kogin. Ibadar Hindu ce, mai kallo ya cire takalmi, ya natsu. Wata kuma ta ja kunne kan biran gadar Ram Jhula, masu fizge ayaba daga hannu.