Ɗaure bututun numfashi ga mai cutar epidamolisis bulosa

Assalamu alaikum. Ina aikin sa barci a ɗakin tiyata, kuma za mu raba wa wani yaro mai cutar epidamolisis bulosa yatsunsa da suka manne, wanda ɗan gugar fata kaɗan ke tayar masa da bororo. A tiyatarsa ta baya mun guji filasta gaba ɗaya, muka shafa man Vaseline a takunkumin fuska, muka ɗaure bututun numfashi da bandeji a kan auduga, amma santsin man ya sa bututun zamewa, fatar kusurwar bakinsa kuma ta saluɓe. Bakin ma ba ya buɗuwa sosai saboda tabo. Idan babu filastar silikon irin Mepitac, da me kuke riƙe bututun ba tare da ya gogi fata ba?