Shilajit da Lafiyar Hanta: Shawarwari a Zauren Hausawan Legas

Alhaji Sani, Agege: Assalamu alaikum jama'a. An yi mini hoton ciki, likita ya ce akwai kitse a hantata. Wani maƙwabcina ya kawo mini wani baƙin abu mai danƙo a 'yar kwalba, wai shilajit, ya ce yana wanke hanta. Akwai wanda ya taɓa sha? Ina ake samun mai kyau a Legas?

Maman Hanifa, Obalende: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara sauƙi, Alhaji. Maigidana yana sha. Da bakin cokali yake lakato ɗan kaɗan, bai kai ƙwayar wake ba, ya narkar a ruwan ɗumi har ya koma kalar baƙin shayi. Akwai ɗaci da warin hayaƙi. Shi dai don ƙarfin jiki yake sha.

Malam Bashir, Idi-Araba: Alhaji, don Allah a dakata tukuna. A kantin magani nake aiki, kusan kullum sai an tambaye ni wannan abu. Daga tsagar duwatsu yake tsattsafowa a tsaunukan Himalaya, wajen Indiya, Nepal da arewacin Pakistan, kuma masu maganin gargajiyar Indiya sun daɗe suna amfani da shi. To amma binciken da ake kafa hujja da shi a kan hanta, yawancinsa a jikin ɓeraye aka yi. Abin da ya fi damuna shi ne wanda ba a tace ba yana iya zuwa da dalma da wasu gubobin ƙarfe. Kowa ya tuna abin da dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010. Duk abin da ka haɗiya ta hanta yake bi, ita kuwa taka tana neman a rage mata kaya ne.

Maman Hanifa: Subhanallahi. To ya ake gane tataccen?

Malam Bashir: Da ido ba a ganewa, Hajiya. Ki duba lambar NAFDAC, wato hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, a jikin kwalbar, ki kuma nemi mai sayarwa ya nuna takardar gwajin gubar ƙarfe. In ya fara kame-kame, ki bar masa kayansa. Ita ma lambar ba shaida ba ce cewa yana warkar da hanta. Mai ciki, mai shayarwa da mai sikila su nisance shi.

Hajiya Rabi, Alaba Rago: Ni tambayata ɗaya ce, Alhaji: an gwada ka ciwon hanta nau'in B? Yayana ya daɗe yana shan jiƙe-jiƙe, sai da idonsa ya yi ɗorawa, cikinsa ya kumbura aka gano shi ne. Allah ya jiƙansa. Cutar tana shekaru a jiki ba alama. Ana gwajin a asibitocin koyarwa na LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja, har ƙananan ɗakunan gwaji na unguwa. Wanda ba shi da ita ya yi rigakafi, allura 3 ce. A kai uwargida da yara ma.

Usman Mai Hatsi, Mile 12: Allah ya jiƙansa da rahama. A kuma kula da gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna. Da damina a nan Legas buhu kan jiƙe, ka buɗe ka ga kore-kore a jikin ƙwayar. Irin wannan ko ƙuli aka yi da ita tana cin hanta.

Alhaji Sani: Amin. Na gode ƙwarai. Gwajin nau'in B ba a yi mini ba. Malam Bashir, shi kitsen fa, me ke rage shi?

Malam Bashir: Rage ƙiba, Alhaji. A sassauta lemon kwalba, shayi mai sukari da soye-soye, a riƙa tattaki bayan Asuba ko La'asar. Kwalbar kuma ka tafi da ita wajen likitanka ya gani kafin ka taɓa. Gwajin nau'in B ba sai da azumi ba, amma in za a haɗa da na sukari da kitsen jini, ka je da safe ba ka karya ba.

Alhaji Sani: To madalla. Litinin in sha Allahu zan je Ikeja, ni da uwargida.