Kwana kyauta a dajin tsakiyar Ostireliya da tirelar kwana: me ya kamata mu sani kafin mu tashi?

Baban Khadija ya rubuta:

Assalamu alaikum. Shekarata shida ke nan a Adelaide, kuma a bara na sayi tsohuwar tirelar kwana, wato ɗan ɗakin nan mai taya da ake ja da mota, mai gado biyu da murhun gas da firji da tankin ruwa mai cin lita 80. Har yanzu ba mu taɓa wuce tafiyar awa uku da ita ba, kuma duk inda muka je a wuraren da ake biyan kuɗi muke sauka, inda akwai lantarki da famfo da banɗaki. Bana ina so in ɗauki maiɗakina da yaranmu uku a hutun makaranta na watan Yuli, mu bi titin Stuart daga Port Augusta zuwa Alice Springs, mu ratse mu ga dutsen Uluru, sannan mu dawo cikin mako biyu.

Da na zauna na yi lissafi, sai na ga kuɗin mai kaɗai ya isa ya cinye mafi yawan abin da na tanada, saboda haka nake tunanin mu riƙa kwana a wuraren da ba a biya. Wani abokin aikina ya ce mini a can dajin ƙasa ce ta Allah babu mai ita, duk inda dare ya yi wa mutum sai ya kauce daga kwalta ya kwana. Maganar ba ta kwanta mini ba, domin na san yadda mutanen ƙasar nan suke da doka. Ina roƙon waɗanda suka taɓa bin hanyar su faɗa mini inda aka yarda a kwana kyauta, da yawan ruwan da zai ishi mutum biyar, da kuma abin da ake yi idan mota ta lalace a inda babu sabis ɗin waya.

Alhaji Na-Darwin ya amsa:

Wa alaikumus salam, Baban Khadija. Na bi wannan titi sau huɗu tsakanin Darwin da Port Augusta, tafiyar da ta haura kilomita 2,700, kuma abu na farko da zan faɗa maka shi ne abokin aikinka bai yi daidai ba. Dajin da ido ke gani kamar babu kowa a cikinsa, kowane taƙinsa yana da mai shi. Wani ɓangaren gonakin kiwon shanu da tumaki ne da aka ba da haya ga makiyaya, wani na 'yan asalin ƙasar ne wanda ba a shiga sai da takardar izini, wani gandun daji ne na gwamnati, wani kuma filin gwajin makamai ne. Daga Pimba zuwa wajen Coober Pedy titin yana ratsa yankin Woomera da sojoji ke riƙe da shi, an yarda ka bi kwalta ka wuce, amma ba a yarda ka kauce ka shiga daji ba.

Abin da ake kira kwana kyauta a nan yana nufin wuraren hutawa na bakin hanya da hukuma ta keɓe, da wasu filaye da ƙananan hukumomi suka ware a gefen gari. Kowane wuri yana da allo a bakinsa, kuma allon ne hukunci: wani ya ce an yarda a kwana awa 24, wani ya ce hutun rana kawai, wani kuma na manyan motoci ne zalla. Wannan na ƙarshen ina roƙonka ka kiyaye shi, domin doka ta wajabta wa direbobin manyan motoci su huta bayan wasu awoyi, kuma idan mai tirela ya tare musu wuri babu inda za su je. Akwai manhajar WikiCamps da kusan kowane matafiyi ke amfani da ita, sai ka sauke taswirarta tun kana gida, tunda a hanya ba za ka samu intanet ba.

Wurin da na fi so a ɓangarenku shi ne na Lake Hart, tsakanin Pimba da Glendambo. Fili ne a kan ɗan tudu yana kallon tafkin gishiri fari fat, layin dogo ya bi ta gefensa. Na isa can da la'asar na tarar da tireloli kusan goma, yawancinsu na tsofaffin da suka yi ritaya suka mayar da hanya gida, kowa ya fito da kujerarsa yana jiran faɗuwar rana. Wata dattijuwa da ke kusa da mu ta ga ina juya mota ina neman inda ƙasa ta daidaita, ta taso ta kawo mini katako biyu na sa a ƙarƙashin taya. Ka riƙa isa masauki kafin ƙarfe huɗu, domin a watan Yuli hanyar cike take da irin waɗannan matafiya masu gudun sanyin kudu, kuma wuri mai kyau ba ya kaiwa magariba.

Game da Uluru, ba a kwana da tirela a cikin gandun dajin da dutsen yake, ana rufe shi da dare. Masauki yana garin Yulara da ke kusa da shi, kuma ana biya, sannan a lokacin hutu sai ka kama wuri tun da wuri. Daga mararrabar Erldunda zuwa can kimanin kilomita 245 ne. An daina hawan dutsen tun watan Oktoba na 2019 bisa buƙatar mutanen Anangu, 'yan asalin ƙasar masu wurin, kuma akwai sassan da suka roƙa kada a ɗauki hoto, ya kamata ka nuna wa yara allunan su gane dalili.

Maman Sadiq ta amsa:

Alhaji ya gama magana a kan wuraren sauka, ni kuma zan tsaya a kan ruwa, domin mu mata mu muka san inda yake tafiya. Lita 80 ba za ta kai ku ko'ina ba, Baban Khadija. Idan ka ƙiyasta lita biyar ga kowane mutum a rana don sha da girki kawai, mutum biyar sun sha lita 25 ke nan, ba a yi alwala ba, ba a wanke kwano ba, ba a yi wa yaro tsarki ba. Mu da muka je mu huɗu, tankinmu ya fi naku girma, amma a rana ta uku sai da famfo ya fara tari. Tun daga nan muke ɗaukar jarkoki uku masu lita 20, kuma ɗaya ba a taɓa ta sai idan an shiga matsala. Raba ruwa a jarkoki ya fi tara shi a wuri guda, saboda dutse ɗaya da taya ta harba zai iya fasa bututun tanki ruwan ya tsiyaye kuna tafiya ba ku sani ba. A Coober Pedy ruwa sayensa ake yi a famfon gari da ake saka wa kuɗi, kuma tankunan da za ka gani a wasu wuraren hutawa ba abin dogaro ba ne, sau da yawa a bushe suke.

Sai maganar bayan gida, wadda mutane ke jin nauyin yi amma ita ce take sa a rufe wuraren kwana kyauta. Da yawansu ba su da banɗaki. Na taɓa zagayawa bayan wani wurin hutawa da safe na ga takardar goge jiki a warwatse a gindin kowace bishiya, iska tana kaɗa ta, abin ya dame ni ƙwarai. Ku sayi ɗan masai na tafiya mai tanki, ku riƙa juye shi a ramin da hukuma ta gina don haka, akwai shi a yawancin garuruwan kan hanya. Shara kuma ku ƙulle ta ku tafi da ita.

Kada sunan hamada ya ruɗe ku ku bar bargo a gida. A watan Yuli rana tana da daɗi, amma da asuba a wajen Alice Springs sanyi yakan sauka ƙasa da sifiri, ni da kaina na tarar da ruwan da na bari a buta a waje ya yi ƙanƙara a sama. Ku ɗauki hular sanyi da safa ga kowane yaro. Nama kuma ku saya na halal a Adelaide, ku yanka shi daidai girkin kwana ɗaya ɗaya ku daskarar, domin bayan Port Augusta samunsa yana da wuya. A dawowa kada ku shigo da 'ya'yan itatuwa da ɗanyen kayan miya cikin jihar Ostireliya ta Kudu, akwai dokar hana yaɗuwar ƙudan da ke ɓata amfanin gona, kuma ana cin tara a kai.

Direban Dogon Zango ya amsa:

Ni babbar mota nake tuƙawa, kuma zan ɗan saɓa wa Hajiya Maman Sadiq, ba don maganarta ba gaskiya ba ce, sai don tana da wani gefen. Kowace lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Jarka uku kilo 60 ke nan, ga tukunyar gas, ga abinci, ga mutum biyar a mota, ga nauyin da tirela ke ɗorawa a kan ƙugiyar baya. Akwai ɗan faranti a jikin tirelarka da aka rubuta iyakar nauyin da za ta ɗauka, motarka ma tana da nata. Kafin ka tashi, ka loda komai kamar ranar tafiya ka je sikelin awon motoci a auna. Idan ka wuce iyaka, ɗan sanda zai iya cin tararka, kamfanin inshora kuma zai iya ƙin biya idan an yi haɗari. Kaya masu nauyi a ajiye su ƙasa, a kan saitin tayoyi. Tirelar da aka loda wa nauyi a baya ita ce take fara rawa a kan hanya, kuma na ga wadda ta kife a gabana saboda haka.

Za ka haɗu da motocinmu masu jan tirela uku, tsawonsu yana kaiwa mita 53.5. Ka sayi rediyon oba-oba ka bar shi a tasha ta 40, nan direbobi ke magana. Idan ɗayanmu ya taho bayanka, kada ka taka birki da zarar ka gan shi, ka riƙe gudunka, ka gaya masa ka gan shi, sai ya fito ya jera da kai sannan ka sassauta. Kada ka yi tuƙi da asuba ko bayan la'asar sakaliya, lokacin ne kangaru ke fitowa, kuma wurare da yawa babu shinge, shanu suna kwanciya a kan kwalta don ɗuminta.

Tsakanin Glendambo da Coober Pedy kimanin kilomita 250 ne babu gidan mai ko ɗaya, kuma motar da ke jan tirela tana shan mai fiye da yadda ka saba, musamman idan iska tana bugowa daga gaba. Ka cika tanki a duk inda ka samu, ko da tsada. Idan mota ta tsaya, kada kowa ya bar wurinta da ƙafa, domin mota ake hangowa, ba mutum ba. A titin Stuart ba za ka daɗe ba wani zai wuce. Amma idan za ka sauka hanyar burji, ka ɗauki na'urar kiran agaji mai aiki da tauraron ɗan'adam, ka yi mata rajista da sunanka. Likitocin jirgin sama, waɗanda John Flynn ya kafa ƙungiyarsu a 1928, suna kai ɗauki har cikin daji, har akwai sassan titin da aka shirya don jirginsu ya sauka, sai dai ba za su zo ba sai labari ya kai gare su.

Malam Ɗan Zazzau ya amsa:

Ina so in ƙara abu ɗaya da ya shafi salla. Mu da muka tashi muna cewa a fuskanci gabas, a can alƙibla tana yamma ne, ta ɗan karkata arewa, saboda haka ka riƙe kamfas na hannu, kada ka dogara da waya kaɗai. Tafiyar ta kai ta ƙasaru, kuma idan ruwa ya yi ƙaranci har ana tsoron ƙishirwa, ƙasar taimama ba ta yankewa a wurin.

Idan kwanakinku sun ba da dama, ku ware biyu ku je Marree ta hanyar Hawker da Leigh Creek. Tun daga shekarun 1860 aka riƙa kawo Musulmi masu raƙuma daga Afganistan da Balucistan da arewacin Indiya ta wancan lokaci, su ne suka yi dakon kaya zuwa cikin dajin kafin jirgin ƙasa ya isa Alice Springs a 1929, kuma jirgin ƙasa na Ghan da ke ratsa tsakiyar ƙasar a yau daga gare su ya samo suna. A Marree suka gina masallacin da ake ɗauka shi ne na farko a ƙasar. Wanda ke tsaye yanzu kwaikwayon na asalin ne, gajeren bangon laka da ginshiƙan itace da rufin ciyawa. Na yi azahar a cikinsa ni kaɗai, kuma na daɗe a zaune ina tunanin mutanen da suka tsayar da salla a wannan wuri, nesa da kowa nasu. Raƙuman da za ku iya gani suna yawo a dajin ma jikokin nasu ne da aka saki bayan motoci sun karɓe aikin.

Baban Khadija ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Jiya na duba farantin tirelar, na ga abin da ya rage mini na kaya bai kai yadda nake zato ba, saboda haka ranar Asabar zan kai ta sikeli da tanki a cike, da kuma jarka biyu. Mun yi shawara da maiɗakina, za mu riƙa kwana biyu a wuraren kyauta, na uku mu biya mu cika ruwa mu yi wanka da wanki. Marree kuma za mu bar ta sai hutun Oktoba, don kada mu cika wa yara hanya. Alhaji Na-Darwin, ina da sauran tambaya: farantin sola guda ɗaya da batir ɗaya za su iya riƙe firji kwana biyu a watan Yuli, ko sai na ƙara batir na biyu?