Musayar Waƙa: A Ƙara Ma'aunin Gudu Ko A Bar Shi Yadda Yake?

Saurayin Tudun Wada, Gusau

Assalamu alaikum 'yan zaure. Dokar hanya ta Najeriya ta ce motar gida kada ta wuce kilomita 50 a awa cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen titi. Ni dai na ce motocin yanzu sun girmi wannan lissafi, a ƙara. Amsa-amonmu "ta" ne, wanda ya kauce ya sayi goro.

Da sunan Allah nake farawa,
Shi ya ba ɗan Adam basirar ƙera mota.

Salati ga Manzo da alai da sahabbai,
Sannan in ja alƙalami in rubuta.

Dokar gudunmu ta tsufa jama'a,
Tun Fijo na yayi aka tsara ta.

Motar yau birkinta har da kwamfuta,
Ka taka shi, taya ba ta kulle kanta.

Ga jakar iska a gaban direba,
Ga bel, ko an yi karo ba ka fita.

Allon gudu ya rubuta 240,
An ce in tsaya a 100, an tauye ta.

Alhazanmu sun gani da idanunsu,
Hanyar Madina 140 aka yanka mata.

A Jamus wani yankin babu iyaka,
Kuma mutuwarsu ba ta kai tamu ba, ku kwatanta.

A ba mu 120 mu gwada mu gani,
Gusau zuwa Sakkwato tafiya ta gajarta.

Malamin Lissafi, Ƙauran Namoda

Wa alaikumus salam. Ɗana, waƙa ta yi daɗi, amma matso kusa da allo.

Ɗana ka yabi inji da birki,
Ka ce na zamani sun yi kirki,
Ban musa ba, sun iya aiki,
Sai dai akwai abin da ka manta.

Kafin ido ya gaya wa ƙafarka,
Ga rami can, ɗaga ka taka,
Daƙiƙa guda ta wuce a kanka,
Ba kamfanin da ya iya rage ta.

A gudun 100, cikin daƙiƙa,
Mita 28 ka riga ka miƙa,
Ba ka fitar da numfashin da ka shaƙa,
A 120 kuwa 33 ne mita.

Ƙarfin karo ba ya bin ƙidaya,
Irin ta yara, ɗaya bayan ɗaya,
Gudu sau gudu ne, ba ƙarya,
Haka ma nisan birki a kan kwalta.

To wace riba ce kake nema?
Kilomita 200 in ka gama,
Minti 20 kaɗai ka kama,
Shan shayi a Mafara ya cinye ta.

Ga bayanin baiti na huɗu ga wanda bai kama ba. Daga 100 zuwa 120 ƙarin 20 ne a allo, amma ƙarfin karo da nisan da birki ke ci kafin mota ta tsaya sun ƙaru da kashi 44 cikin ɗari. A 140 saura ƙiris su ninka. Sannan ka lura, duk inda hanya take falle ɗaya, mai tafiya da mai dawowa na gogar juna, 80 doka ta ba ka, ba 100 ba. Daga 80 zuwa 120 kuwa ƙarfin karon ya wuce ninki biyu.

Saurayin Tudun Wada

Allah gafarta Malam, na ji lissafi,
Amma allo daban yake da kwalta.

Wa ke bin 80 ɗin a yau, don Allah?
Dokar da kowa ke takewa, a gyara ta.

A sa adadin da mutane za su iya bi,
Wanda ya zarce a kama shi a hukunta.

Direban Sharon, Tashar Tsafe

Yaro, kai da Malam kuna magana awa ba ku bin hanyag ga. Ni ka bin Gusau zuwa Funtua, ku saurara.

Ku aje takarda ku tambayi direba,
Mi ka sa muna ba mota wuta.

Ba birkin zamani na ba, ba jakar iska,
Tsoro na, yaro, shi ka tura ta.

In munka bar Tsahe la'asar ta yi sanyi,
Fasinja ka cewa: direba, ƙara mata!

Dattijon da yac ce da sahe in yi sannu,
Shi ka kallon daji, tasbaha ba ta huta.

Kowa so shikai shi ga Yankara da rana,
Ba mai son dare shi ishe shi bisa kwalta.

Ga shingen bincike, ka tsaya ka jira,
Awar da ka ɓata, gudu ka biyan ta.

Na'urar rage gudu sunka ce mu sanya,
Tun 2017 anka tilasta ta.

In 'yan bindiga sun hito bisa babura,
Wa ka son motar da anka ɗaure ƙahwatta?

Ku ba mu tsaro, ku cike muna ramu,
Ni da kaina ga 80 zan riƙe ta.

Malamin Lissafi

Direba ka taɓo inda ke da ciwo,
Allah ya kawo mana ƙarshen wannan cuta.

Sai dai gudun tsira lalura ce,
Ba a mai da lalura doka a rubuta.

Baba Mai Faci, Talata Mafara

Ni ban yi boko mai nisa ba, amma taya ko cikin barci aka miƙo min na san ta.

Yallaɓai mai sabuwar mota, ina gaisuwa,
Ta zamani ce, ba ni da abin musawa,
Sai dai ka duƙa ƙasa ka yi dubawa,
Gefen taya akwai lambar karantawa,
Guda huɗu ne, su ke faɗin haihuwarta.

Biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara,
Jiya na kwance wata, na share ƙura,
Na ga 2314, na ce mai ita zo ka lura,
Ta haura goma, ga gefenta ya fara
Kumburi, waya ta leƙo daga cikinta.

'Yan Rod Sefti sun ce huɗu ce iyaka,
Ya ce: Baba liƙe min, kuɗi sun yi haka,
Na liƙe, na ba ta iska, na saka,
Ya ɗora buhun gero har bisa ka,
Ya ja, ina jin kukanta har ya ɓata.

A watan Afrilu in rana ta yi tsaka,
Zafi ya wuce 40, ga lodi ka saka,
Iskar ciki ta kumbura, kai kuma ka taka,
In ta gaba ta fashe a 120 haka,
Ba kwamfutar da za ta tare ta.

Jakar iskar da kake taƙama da ita ma, ka tambayi masu gyaran 'yan Kwatano. Wata motar tun can ƙetare jakarta ta fashe, aka ɗinke wurin aka shafe, aka cire ɗan ƙwan da ke nunawa a allo. Mai ita na tafe yana jin yana da kariya, alhali fanko ne a cikin sitiyari.

Saurayin Tudun Wada

Baba mai faci, wannan laifin taya ne,
A kama mai tsohuwa, a ƙwace ta.

Don wani ya sa ruɓaɓɓiya a motarsa,
Sai a ɗaure ni da na sayi sabuwa fil a ledarta?

Jamus ɗin dai nake ta nuna muku,
Ba wanda ya ba ni amsa a kanta.

Malamar Jinya, Gusau

Ga amsar Jamus, ƙanena, tunda ka matsa.

Duk abin da ka lissafa tun farko,
Na wanda ke zaune ne a cikin mota.

Bel naka ne, jakar iska taka ce,
Yarinya mai tallan gyaɗa mene ne nata?

Hanyar Jamus da kake ta kira,
An hana mai ƙafa da mai keke hawanta.

Ba mahaɗa, ba mai juyowa a tsakiya,
Gada ce a sama, kowa da hanyar fita.

Tamu ta ratsa ta cikin kasuwa,
Ranar Talata je Mafara ka gan ta.

Ga amalanke, ga raƙumi, ga garken shanu,
Ga ɗan kabu-kabu da buhu biyu da mata.

Ga 'yan makaranta a Bungudu da Maru,
Suna riƙe da hannun juna za su tsallake ta.

Ga tirela ta mutu a kwana cikin duhu,
Ganye aka zuba, shi ne alamarta.

In an kawo mana su a bayan a-kori-kura,
Takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan na kan kwalta.

Jini muke nema, dangi ba su iso ba,
Waya na ƙara a aljihu, ba mai amsa ta.

Ba ni kaɗai na faɗa ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur. Hukumar ta kuma ce duk ƙarin kashi 1 cikin ɗari a matsakaicin gudu na ƙara yiwuwar haɗari mai kisa da kashi 4. Batunka na cewa kowa na take doka kuwa, wanda ke yin 110 yau da aka ce 80, me kake jin zai yi ranar da aka ce masa 120?

Direban Sharon

Malama kin hwaɗi gaskiya, ganyen nan,
Ni ma na sha kauce mai da ƙyar da mota.

Bakaben Jega

Sallama gare ku mutanen Zamfara,
Ga Bakabe ya zo da tasa gudummawa.

Ku daina tambayar shekarun mota,
Hanya ake tambaya, ita ke yankewa.

Daga Jega zuwa Koko har Yawuri,
Tirela da tanka ke ta wucewa.

Doka ta ba su 50 a falle ɗaya,
Kai a ba ka 120, ina wurin ratsewa?

Mai sauri da mai nauyi a layi guda,
Wajen shan gaba ake yin gamuwa.

Saurayin Tudun Wada

Kawu, tsaya! "Ta" muka ce, ka zo mana da "wa". Goro ya hau kanka.

Bakaben Jega

Goro kuma? Mu da muke da kifi. Busasshe na Yawuri zan aiko, a raba har da Malama. Ga gyara:

To na dawo layi, ɗan ƙanwata,
Ba wai ina ƙin gudu ba ne don ƙeta.

Ana aikin hanyar Sakkwato zuwa Badagiri,
Kilomita 1,068 ne tsawonta.

A 2024 aka sa hannu a aikin,
Ta Kabi za ta bi, muna jiran ta.

Ku ma ana tagwaita ta Zariya zuwa Sakkwato,
Ta Funtua da Gusau aka biyo da ita.

In an gama, an yi shinge dama da hauni,
An yi wa garke da 'yan makaranta gadar ƙetare ta,

An kau da kasuwa daga bakin titi,
An sa motar asibiti a tsakaninta,

Ran nan ka zo mu zauna batun 120,
Ni zan fara sa hannu a takardarta.

Amma a ɗora shi a kan wadda muke bi yau,
Ko da kuɗi aka haɗa ni ban sayen ta.

Kuma kada ka ɗauka ƙasashen da suka ci gaba ƙarawa kawai suke yi. Amurka ta sauke nata zuwa mil 55 a awa, kusan kilomita 89, a 1974 saboda ƙarancin mai, sai 1995 ta sakar wa jihohi su yanke nasu. Holan ta rage zuwa kilomita 100 da rana a 2020 saboda gurɓatar iska, ga motocinsu sababbi ga titi sumul. Ingila na kan mil 70 tun 1965. Jamus ɗinka ma shawarar hukuma kilomita 130 ce.

Malamin Lissafi

Kawun yara ya tuna min batun mai,
Tun 2023 da tallafi ya fita,

Duk wanda ya taka totur ya ji a jikinsa,
Iska na turo shi, tanki na ta zuba ta.

Na ga masu tsere da yawa sun yi laushi,
Aljihu ya fi Rod Sefti horon mai mota.

Saurayin Tudun Wada

Kun taru a kaina ku biyar, na gode,
Amma ban sauka daga kan magana ta.

Na karɓi sharaɗin Kawu na sabon titi,
Ranar buɗe shi ku nemo ni da mota.

Sai dai a rubuta 120 tun yanzu,
Kar a gama a ce an manta da ita.

Ta Tsafe kuwa na bar wa direba,
Shi da ke kwana da tashi a kanta.

Direban Sharon

Mota ta cika, 'yan kamasho na kira na,
Ku sa mu addu'a, rana ta karkata.

Baba Mai Faci

Allah ya kai ku lafiya direba,
Ta bayanka ta hagu, a ƙara iska a cikinta.

Kai kuma yallaɓai mai sabuwa fil a leda,
Leda ba ta faɗin shekarar da aka yi ta.

Biyo ta Mafara ran kasuwa in karanta,
Safayar da ke cikin but ma ka zo da ita.