Shin gwajin jini zai iya faɗin makomar wanda aka yi wa tiyatar kansar tumbi?

Ɗalibin likitanci: Assalamu alaikum manya. Wani abokina ya dage cewa idan aka ɗebi jinin mai kansar tumbi kafin tiyata, aka raba adadin nutrofil da na limfosait (nau'i biyu ne na fararen ƙwayoyin jini), lambar da ta fito, wato NLR, ta isa ta nuna ko cutar za ta dawo. Har ya ce nan gaba ba sai an jira sakamakon naman da aka cire ba. Na rasa amsar da zan ba shi.

Likitan tiyata: Wa alaikumus salam. Abokinka ya ɗora wa gaskiya kayan da suka fi ƙarfinta. Har gobe matakin cutar ne ke yanke hukunci: zurfin da ƙarin ya ci a bangon tumbi, kaluluwa nawa ya kama, ko ya tsallaka hanta ko shimfiɗar cikin ciki. Shi ya sa muke shan wahalar cire kaluluwa, ana so a duba aƙalla 16. Kwalbar jini ɗaya ba za ta yi wannan aikin ba.

Mai gwajin jini: Ranka ya daɗe, kada a raina jinin. Tun 1863 likitan Jamus Virchow ya lura da fararen ƙwayoyin jini a cikin naman kansa. Nutrofil suna sakin sinadaran da ke taimaka wa ƙari ya tsiro sabbin jijiyoyin jini, limfosait kuwa su ne ke farautar ƙwayoyin kansar. In nutrofil suka hau, limfosait suka sauka, ai jiki ne ke gaya maka ana cin galabarsa. Ga ma'aunin Glasgow ma: CRP, sinadarin da ke nuna kumburi a jiki, ya haura miligiram 10 a litar jini, albumin, furotin ɗin da ke cikin jini, ya gaza giram 35 a lita, wanda ya haɗa biyun shi ke da maki mafi muni. A Japan kuma wani likita mai suna Onodera ya haɗa albumin da limfosait tun 1984 don auna haɗarin tiyatar ciki.

Likitan tiyata: To Malam, wace lamba ce iyakar NLR? Wannan ya ce 2, wancan ya ce 3, wani ya ce 5. Yawancin binciken nan tsofaffin fayil aka buɗe, an riga an san wanda ya rasu da wanda ya rayu, sannan aka zaɓi lambar da ta fi raba su. Kai ta wani asibitin, sai ta ƙi aiki.

Mai gwajin jini: Iyakar tana canjawa, na yarda. Amma duk inda aka sa ta, masu lamba mai yawa ne suka fi shan wuya. Wannan ba dace ba ne.

Likitar kansa: Ku biyun kowa da rabonsa na gaskiya. Matsalata da lambar ita ce komai na taɓa ta. Ciwon huhu, ƙwayar cuta a mafitsara, allurar sitiroyid, duk suna ɗaga nutrofil. Wanda ya sha maganin kansa kafin tiyata, kamar haɗin FLOT, ɓargonsa da ke ƙera ƙwayoyin jini ya riga ya sha duka, to lambar wace rana za ka ɗauka? Albumin kuma yana faɗuwa ga wanda ƙari ya toshe masa mafitar tumbi har ya daina cin abinci. Ni in na ga ya yi ƙasa ba na cewa an gama, cewa nake a gina jikin mutumin nan kafin a taɓa shi da wuƙa.

Ma'aikaciyar jinya: Ku yi haƙuri in sa baki. Ku kuna maganar shekara biyar bayan tiyata, mu a ɗaki kwana biyar muke kallo. Hanta ce ke yin CRP, kuma bayan kowace babbar tiyata yakan hau, ya kai ƙololuwa rana ta biyu ko ta uku, sannan ya fara sauka. Na taɓa jinyar wani dattijo da aka cire masa tumbi gaba ɗaya. Rana ta huɗu yana zaune yana hira, zazzaɓi babu, amma CRP ya ƙi sauka, bugun zuciya kuma ya ɗan yi sauri. Aka yi hoton CT, ashe ɗinkin da ya haɗa maƙoshi da hanji ne ke yoyo.

Mai gwajin jini: Kin gama magana, Sista. Abin da nake faɗa ke nan.

Likitan tiyata: A'a Malam, ba shi kake faɗa ba. Ita tana maganar gano yoyon ɗinki ne, kuma a nan ni ma na dogara da CRP, musamman in ya sauka, don shi ke ba ni ƙwarin gwiwar sallama. Hasashen dawowar kansa zance ne daban.

Ɗalibin likitanci: To idan dangi suka ga takardar gwaji suka tambaye ni fa?

Likitar kansa: Ka ce musu alama ce ta kumburi a jiki, ana bin ta, a jira sakamakon nama. Kada ka kuskura ka lissafa wa kowa kwanakinsa da NLR.

Likitan tiyata: Gobe ƙarfe bakwai ka zo zagayen marasa lafiya, ka taho da abokin naka. Akwai mutum biyu masu NLR kusan ɗaya, ɗaya a mataki na farko, ɗaya a na uku. Ina so in ji abin da zai ce.